Filin Lafiyarmu: Zaizayar ƙashi ba ta ciwo sai an karye

Saƙonnin wannan watan kusan duk a kan ƙashi suke, mafi yawansu daga masu karatunmu na Legas. Likitan ƙashi da masaniyar abinci da mai haɗa magunguna da ke kula da wannan fili ne suka zauna a kansu. Mun taƙaita wasiƙun, mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 63. Santsi ya kwashe ta a wurin alwala, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. An sa mata filasta mako shida, hannun ya warke har tana tuƙa tuwo. Amma likita ya ce mu kai ta a auna ƙarfin ƙashinta. Hajiya ta ce ɓarnar kuɗi ce, tsautsayi ne kuma ya wuce. Ko awon ya zama dole? Daga wata mai karatu a Agege.

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ki lallashe ta ta je, likitan nan gata ya yi mata.

Ƙashi mai ƙwari ba ya karyewa don mutum ya zame daga tsaye. Ɗan shekara ashirin zai faɗi a wannan wurin alwalar, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya wuce. Idan wanda ya haura 50 ya faɗi daga tsayuwarsa, ba daga bene ko kan babur ba, sai wuyan hannu ko ƙugu ko kafaɗa ko ƙashin baya ya karye, likita yana ɗauka akwai zaizayar ƙashi, wato ostiyoporosis, har sai awo ya wanke mutum.

Ga yadda abin ke faruwa. Ƙashi abu ne mai rai. Kullum wasu ƙwayoyin halitta na cinye tsohonsa, wasu na biye da su suna zuba sabo, har a cikin kimanin shekara goma kusan duk ƙasusuwan jiki sun sabunta. Daga yarinta zuwa wajen shekara 30 zubi ya fi ci yawa, ƙashi yana ta ƙara kauri. Daga nan sai a tsaya, sannan a fara raguwa a hankali. Ga mace kuwa akwai sinadarin istirojin da ke riƙe masu cinyewar. Da zarar al'ada ta ɗauke sinadarin ya janye, mace na iya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na kaurin ƙashinta a shekara biyar na farko. Ƙashin sai ya koma kamar azarar da gara ta shiga: daga waje lafiya lau, ciki duk rami. Kuma ba ciwo, ba kumburi, ba zazzaɓi. Shi ya sa Hajiya take jin kanta garau.

Gidauniyar duniya mai yaƙi da wannan cuta, wadda ke raya ranar 20 ga Oktoba kowace shekara don wayar da kai, ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar da suka haura 50 za su karye saboda ita. Gaskiya ne baƙar fata sun fi Turawa kaurin ƙashi a jimlace, amma wannan bai hana iyayenmu karyewa ba. Abin da ya fi damun mu game da Hajiya shi ne, wanda ya yi irin wannan karayar sau ɗaya haɗarin ta biyu ya kusan ninkawa a kansa, musamman a shekara biyun farko. Ta biyun kuma sau da yawa a ƙugu take zuwa.

Awon sunansa Deksa. Za ta kwanta rigingine a kan gado da kayanta, muddin babu zif ko maɓallin ƙarfe, hannun na'ura ya ratsa ta saman ƙugu da ƙasan baya. Minti 10 zuwa 20 an gama. Babu allura, babu hana cin abinci, hasken da ke shiga jiki bai kai na hoton ƙirji ba. Idan tana shan ƙwayar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, ta dakata kwana ɗaya kafin awon. A takardar sakamako ki nemi lambar da ke gaban harafin T. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1994, daga -1 zuwa sama ƙashi lafiya yake, tsakanin -1 da -2.5 ya fara raguwa, -2.5 ko ƙasa da haka zaizaya ce.

Ba kowane asibiti ke da na'urar ba. Ki tambayi likitan da ya rubuta takardar inda ake yi, ko ki bi ta sashen ƙashi na Asibitin Ƙashi na Igbobi, ko asibitocin koyarwa na jami'a, wato LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja, su nuna miki hanya, kuma ki buga waya kafin ki ɗora tsohuwa a mota cikin cunkoson Legas. Kada a ce miki hoton ƙashi na yau da kullum ya wadatar, shi ba ya nuna zaizaya sai kusan kashi 30 cikin 100 na ƙashin ya tafi. Ƙaramar na'urar da ake ɗora wa diddige a tarukan duba lafiya kyauta ita ma tankaɗe kawai take yi, ba a yanke hukunci da ita. Tare da Deksa likita zai so gwajin jini na kalsiyam, bitamin D, aikin ƙoda da na tayirod (halittar gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo), don a tabbatar ba wata cuta ce ke cin ƙashin ta ƙarƙashi ba.

Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, shekarata 56. Gwiwoyina na ciwo, in na tashi daga zaune har ƙara suke. An ce sanyin ƙashi ne. Wata takwas ke nan ina shan haɗin da wani mai kemis yake ƙulla min a leda, ciwon ya lafa, har na yi ƙiba fuskata ta cika. Shin zaizayar ƙashin da ake faɗa ce ke damuna?

Alhaji, ciwon gwiwarka daban, zaizayar ƙashi daban. Abin da ka siffanta ya fi kama da amosanin gaɓɓai: guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi a cikin gwiwa ne ya siɗe, ƙashi na gugar ƙashi. Shi wannan yana ciwo tun daga farko. Amma ba gwiwar ce ta tayar mana da hankali a wasiƙarka ba, ledar nan ce.

Ciwo ya lafa da sauri, ci ya buɗe, fuska ta yi zagaye cikin 'yan watanni: waɗannan alamun magungunan sitiroyid ne, irin su deksametason da firednisolon. Ƙananan ƙwayoyi ne masu araha, ana yawan jefa su cikin haɗin ciwon jiki, kuma su ne dai wasu mata ke sha don ƙiba da sunan sha-ka-fashe. A cikin magunguna babu wanda ya kai su yawan jawo zaizayar ƙashi. Suna kashe gwiwar ƙwayoyin da ke zuba sabon ƙashi, suna hana hanji tsotse kalsiyam, suna sa ƙoda zubar da shi a fitsari, suna kuma raunana naman cinya har mutum ya riƙa faɗuwa. Firednisolon miligiram 5 kullum na tsawon wata uku ya isa likita ya fara tunanin kare ƙashi, deksametason kuwa miligiram 0.75 kacal ne ke daidai da wannan. Ɓarnar ta fi sauri a watannin farko, kuma ƙashin baya ta fi kamawa. Ga hawan jini da ciwon suga da gyambon ciki da ke biyo baya, balle idan an haɗa da dikilofenak a leda ɗaya.

Kada ka yanke shan haɗin dare ɗaya. Bayan wata takwas jikinka ya rage yin nasa sinadarin kotisol, ya dogara da na ƙwaya. In ka daina kwatsam za ka iya yin amai, jiri, jini ya faɗi, har a kai ga suma. Ka ɗauki ledar yadda take ka kai wa likita a wannan makon, a gano abin da ke ciki, a tsara maka ragewa mataki-mataki, a auna jini da suga, a duba ko kana buƙatar Deksa. Gwiwa kuma a yi mata nata: rage nauyin jiki, motsa naman cinya a wurin masu gashin ƙashi, da maganin ciwo mai suna da adadi a rubuce.

Masu asma ko wata cutar da likita ya ɗora su a kan sitiroyid, su kada su bari, su dai tambaye shi abin da za a yi wa ƙashinsu. Haka masu shan maganin farfaɗiya irin fenitoyin da kabamazefin shekara da shekaru, da matan da ke shan letirozol bayan sankarar mama, da mazan da ake wa allurar rage sinadarin maza saboda sankarar furostet, wata halitta da ke ƙasan mafitsarar maza.

Babanmu mai shekara 74 ya faɗi a banɗaki da dare a gidan yayana da ke Alaba Rago. Ya kasa tsayuwa, ƙafar dama ta gajarce ta juya waje. 'Yan'uwa sun ce a sa shi a mota a kai shi gida Arewa wurin mai ɗorin da muka gada. Me kuka gani?

Mun amsa wa mai wannan saƙo a ranar da ya iso, muna buga amsar ne don sauran jama'a.

Malam, kada ku ɗora Baba a motar Arewa. Ƙafar da ta gajarce ta juya waje bayan faɗuwa, ga ciwo a matsematsi, karayar ƙugu ce har sai hoto ya ce ba ita ba. Ku kwantar da shi a kan abu mai faɗi, ku tare ƙafar da matashi ta gefe biyu, kada kowa ya ja ta ko ya murza, kada ku matsa masa ya gwada takawa. Ku wuce sashen gaggawa na asibitin da ke da likitan ƙashi, ku riƙe duk magungunan da yake sha, musamman na tsinka jini da na suga. Ku dakata da ba shi abinci har likita ya gan shi, don ana iya shiga tiyata.

Mun san darajar masu ɗori a wurin mutanenmu, kuma mun san tsoron kuɗin asibiti da tsoron a ce za a yanke ƙafa ne ke kai mutane can. Amma wuyan ƙashin cinya yana can cikin ƙugu, nama mai kauri ya kewaye shi, babu karan da za a ɗaura daga waje ya riƙe shi. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin ma ta wuyan suke bi, idan karayar ta goce sukan tsinke, kan ƙashin ya mutu, ko an shekara a kwance ba zai haɗe ba. Shi ya sa aikin ɗayan biyu ne: a ɗaure ƙashin da ƙusa ko farantin ƙarfe, ko a cire kan da ya lalace a sa na ƙarfe. Ana so a yi cikin awa 48 in hali ya yi, washegari a zaunar da shi, a fara miƙar da shi.

Gaggawar ba don ƙashin kaɗai ba ce. Kwanciya ce ke kashe tsoho. Mako biyu a kan tabarma ba motsi, sai gyambon baya, sai ciwon huhu, sai jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka karye a ƙugu ba sa cika shekara, kuma maza sun fi mata mutuwa a kai. Tafiyar fiye da kilomita 900 a mota da ƙashi a karye ƙarin azaba ce da ƙarin haɗari.

Idan an sallame shi, kada ku fita sai kun tambayi likita maganin zaizayar ƙashi. Karayar ƙugu daga ƙaramar faɗuwa ta isa hujjar fara magani ko ba a samu Deksa ba. Wannan matakin ne aka fi mantawa, a gyara ƙugun dama a bar na hagu yana jiran ranarsa.

Ni mahauci ne a Oko-Oba. Kullum ina kai wa mahaifiyata ƙafar sa da ƙashi mai ɓargo a yi mata farfesu don ƙashinta ya yi ƙarfi. Ya isa, ko akwai abin da zan ƙara?

Allah Ya saka maka da alheri, Malam, Ya bar zumunci. Farfesun zai ba ta furotin da ɗanɗano, furotin kuma ƙashi na buƙatarsa. Sai dai kalsiyam ɗin da ke cikin ƙashin sa ba ya narkewa a romo, ko an kwana ana dafawa ɗan kaɗan ne ke fita. Ɓargo kuma kitse ne mafi yawansa. Ganda ma haka, babu kalsiyam na a zo a gani.

Babba na buƙatar kimanin miligiram 1,000 na kalsiyam a rana. Mace da ta haura 50 da namijin da ya haura 70 suna buƙatar 1,200, matasa 'yan shekara 9 zuwa 18 kuwa 1,300, domin a lokacin ne ake tara ƙashin da za a ci gajiyarsa a tsufa. Abincinmu na tuwon masara da shinkafa da taliya da doya ya yi nisa da wannan. Wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, aka wallafa a 1999, ya samu yaran da ƙafafunsu suka gwame suna cin kusan miligiram 200 kawai a rana, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashinsu ya fi warkewa fiye da waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Wato a ƙasar nan, duk da rana, ƙarancin kalsiyam a tukunya babbar matsala ce.

Ga inda za ka samo mata. Kofin madara mai cin mililita 250 yana da kusan 300. Madarar gari cokali uku manya, kimanin giram 30, tana ba da wajen 270, amma ka karanta jikin leda, akwai farin garin shayi da ba madara ba ne, man itace ne da sitaci. Kofin kindirmo ko yogot daidai yake da na madara muddin ba a tsinka shi da ruwa ba, kuma ya fi kwanciya a cikin wanda madara ke sa wa kumburi da gudawa. Ɗanyen nonon shanu a tafasa shi tukuna, saboda tarin fuka da zazzaɓin burusela. Waran da ake soyawa a bakin hanya, na madarar shanu, shi ma yana da kyau. Gwangwanin sadin ɗaya yana kai wa 300 idan an tauna har ƙayar. Ƙananan busasshen kifi da kirefish, waɗanda Legas ba ta rasa su, a daka su da ƙayarsu da ɓawonsu a zuba a miya.

A ganye, kuka ce kan gaba, cokali biyu na garinta sun haura 100. Lalo, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira ewedu, yana da kusan 200 a giram 100 na dafaffe. Zogale ma yana da shi sosai. Alayyahu na da yawa a lissafi, sai dai wani sinadari a cikinsa yana riƙe wani kaso ya hana hanji tsotsa. Riɗin da ba a cire wa ɓawo ba, cokali ɗaya babba kusan 90 ne. Saboda haka shayi da madara cokali uku da safe, fura da kofin kindirmo da rana, tuwo miyar kuka da dakakken kifi da dare, ga ɗan kantu a tsakani, sun kai Inna kusa da 1,000 ba tare da ƙwaya ba.

A rage gishiri da dunƙulen miya, domin gishirin da ƙoda ke fitarwa yana jan kalsiyam ya fita da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya shafe. Taba da shisha da giya duk suna cin ƙashi.

Idan abinci ya gaza har likita ya rubuta ƙwaya, a duba jikin kwalba: kalsiyam kabonet miligiram 1,250 ainihin kalsiyam ɗinsa 500 ne. A sha tare da abinci, kada a wuce 500 zuwa 600 a lokaci guda don hanji ba ya ɗaukar fiye da haka. A raba shi da maganin ƙarin jini da aƙalla awa biyu, da maganin tayirod da awa huɗu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na sifurofulozasin kuma a sha shi awa biyu kafin kalsiyam ko awa shida bayansa. Yana iya sa taurin bayan gida, wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda kuma ya faɗa wa likita tukuna.

Ina zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya a Idi-Araba, rana ba ta shigowa, in zan fita kuma da hijabi da safa. 'Ya'yana biyar, duk na shayar da su, yanzu ina allurar tazarar haihuwa ta wata uku. Shekarata 34. Ina cikin haɗari?

'Yar'uwa, shayarwa tana rage kaurin ƙashi da 'yan kaso kaɗan, amma yana dawowa cikin wata shida zuwa shekara bayan yaye. Allurar wata uku ma tana ragewa, mafi yawansa kuma yana dawowa bayan an daina. Kada ki bar ta don tsoro, ki dai tattauna da ma'aikaciyar asibiti idan kin daɗe a kanta ko mahaifiyarki ta taɓa karyewa a ƙugu.

Rana ce abin dubawa. Fata ce ke yin bitamin D idan haskenta ya taɓa ta kai tsaye, in babu shi kuwa hanji ba ya tsotse kalsiyam yadda ya kamata. Baƙar fata ta fi buƙatar lokaci, kuma hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya aiki. Ki nemi wurin da babu idon maza, bayan gida ko wurin shanya, ki buɗe hannuwa da ƙwauri minti 20 zuwa 30 da hantsi, sau uku ko huɗu a mako. In hakan ba zai yiwu ba, ƙwayar bitamin D yunit 600 zuwa 800 a rana ta isa yawancin manya. Idan kina jin ciwon ƙashin ƙugu da haƙarƙari, ko tashi daga tsugune yana miki wuya, a gwada jininki, don ƙarancinsa mai tsanani yana sa ƙashi laushi, shi kuma yana ciwo.

An ɗora ni a kan alendironet sau ɗaya a mako. Ƙirjina na zafi duk ranar da na sha. Kuma yaya zan yi da azumi? Daga wata Hajiya a Obalende.

Hajiya, maganin nan yana aiki, yana rage karayar baya da ta ƙugu da kusan rabi ga masu zaizaya, amma yana da sharuɗɗa, kuma zafin ƙirji yawanci daga saɓa su yake. Ƙwayar miligiram 70 ce. Ki ware rana ɗaya a mako. Ki sha da safe cikinki babu komai, da ruwa zalla cikakken kofi, kamar rabin ledar fiya wata. Ba da shayi ba, ba da koko ba, domin ko kurɓin madara ya isa ya hana shi shiga jini. Ki haɗiye ta ɗungurungum, kada ki tauna ko ki tsotsa. Sannan minti 30 ba ci, ba wani magani, ba kwanciya, ba sunkuyo. Idan ƙwayar ta maƙale a maƙogwaro ko ta dawo sama tana ƙona hanyar abinci. Saboda ruku'u da sujada, ki yi sallar asuba tukuna, sannan ki sha, ki zauna a miƙe kina lazimi har rabin awar ta cika, ki karya kumallo. Ƙwayar kalsiyam ta jira sai rana.

In kin manta, ki sha washegari da safe, ki koma ranarki ta asali. Kada ki haɗa biyu a rana ɗaya.

A watan azumi ki tsayar da ci da wuri a daren, ki tashi awa ɗaya kafin sahur, ki sha da ruwa, ki jira minti 30 a zaune ko kina aikin kicin, sannan ki ci. In wannan ya yi miki nauyi ki gaya wa likita tun kafin watan ya kama.

Idan kin kiyaye duk wannan zafin bai daina ba, ko haɗiya ta fara yi miki wuya, ki dakata ki koma asibiti. Akwai zoledironet da ake sawa a ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, yakan sa zazzaɓi da ciwon jiki kwana biyu ko uku a karon farko. Akwai allurar denosumab duk wata shida, ita kuma sharaɗinta kada a yi jinkiri ko a bari haka kawai, don ƙashin baya na iya karyewa a jere bayan an yanke ta. Kafin kowanne a duba ƙoda da kalsiyam da bitamin D, a kuma gyara haƙoran da ke buƙatar cirewa. Bayan shekara biyar a kan alendironet likita zai sake auna ki ya ga ko za a huta. Sabon ciwo mai naci a cinya ko matsematsi a lokacin shan sa, a kai shi asibiti a yi hoto.

Kakarmu tana ta rankwafawa, zanen da take ɗaurawa yanzu har ƙasa yake ja. Tsufa ne kawai?

Ba lalle ba. Ƙasusuwan baya da suka zaizaye sukan lotsa ta gaba ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci garin ɗaga bokiti ko tari mai ƙarfi, kuma kusan biyu cikin uku na irin wannan karayar ba a gano su. Ku tsayar da Kaka a jikin bango ba takalmi, ku ɗora littafi a kanta ku ja layi, ku rubuta kwanan wata. Raguwar santimita 4 daga tsayinta na ƙuruciya, ko santimita 2 tsakanin awo biyu, ta isa a yi hoton baya ta gefe. Idan akwai rama, zazzaɓin dare, ciwon da ke hana barci, rashin ƙarfin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari, ku tafi yau, domin tarin fuka na ƙashin baya da sankara su ma haka suke lotsa shi.

Kada ku kwantar da ita da sunan tausayi, zama ne ke ƙara cin ƙashi da nama. Ta riƙa tafiya minti 20 zuwa 30 a rana, ko a raba biyu. Ta tashi daga kujera ta zauna sau goma, safe da yamma. Ta dafa bango ta tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa goma, ta sauya, wani na kusa da ita. Abin da za ta bari shi ne sunkuyo da kaya a hannu da murɗa baya, saboda haka shara da gajeren tsintsiya da ɗaukar jarkar ruwa su koma kan jikoki. Idan ruku'u da sujada na tayar da ciwon, ta yi salla a kan kujera.

Sauran aikin a gida yake. Ku shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa a banɗaki da wurin alwala, ku kafa ƙarfen dafawa a bango, ku sa mata kujerar wanka. Ku ajiye tocila a gefen shimfiɗarta saboda ɗaukewar wuta, ku kwashe wayoyin caji da ledar ɗakin da ta naɗe daga hanya. Silifas ɗin da ƙasansa ya siɗe a sauya shi da takalmi mai kama diddige, musamman da damina. A kai ta a duba yanar ido, a kuma nuna wa likita duk maganin barci ko na hawan jini da ke sa ta jiri, a auna jininta a kwance sannan a tsaye.